Wa Ya Ce Bekin Soda Ba Ta Da Illa?

 

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a rubuce-rubucen "sirrin lafiya" da "gyaran jiki" da ke yawo a wayoyinmu: "A gwada, ba shi da illa ko kaɗan." A bayan nan babu abin da ake liƙa wa wannan jimla kamar bekin soda. Ita ce maganin olsa, ita ce mai wanke ƙoda, ita ce mai narkar da tumbi, mai faranta haƙori, mai goge baƙin hammata, har wasu marasa tsoro sun kai ta ga kansa. Mai rubutun yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ƙodarsa garau, zuciyarsa garau. Wadda za ta aikata abin da ya rubuta kuwa Hajiya ce mai shekara sittin, wadda jikarta ta karanta mata, tana kuma shan maganin hawan jini tun shekara goma da suka wuce. Mu dai mun ce wannan jimla ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai iya kwantar da mutum a gadon asibiti.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba gaba muke yi da garin ba. Abu ne mai arha, mai amfani, gidan da ke da shi ya huta da wahalhalu da dama, za mu kuma zo kansu. Rigimarmu da masu cewa abin da ya wanke tukunya zai wanke ciki ne.

Tun daga suna ma aka fara ɓata. A bakin mutanenmu kalmar "soda" ba abu ɗaya take nufi ba. Je ki kasuwa ki ce a ba ki soda, in mai shagon kayan haɗa sabulu kika tarar, abin da zai auno miki ita ce sodar sabulu, wadda mata ke jiƙawa su haɗa da mai. Wannan wuta ce a cikin leda. Tana cin fata, tana makantar da ido, in kuwa aka haɗiye ta tana ƙona hanyar abinci, ta warke da tabo, ta tsuke, har mutum ya kasa haɗiye ko da ruwa. Likitocin yara a Afirka ta Yamma sun daɗe suna kuka da yaran da suka sha ruwanta a gidajen da ake sana'ar sabulu, suna zaton ruwan sha ne. To, marubucin da ya rubuta "a zuba soda rabin cokali a ruwa a sha" bai fayyace ba, wa ya tabbatar masa wace soda mai karatu zai ɗauko? Ga kuma bekin hoda ta kek da fanke, wadda ita haɗi ce: bekin soda da wani sinadari mai tsami da garin sitaci. Ga sodar wanki, wadda ta fi bekin soda kaifi nesa ba kusa ba. Dukansu farare ne, dukansu a leda ake ƙulla su ba suna. A nan kam ba duk kanwar ce ja ba.

Tunda an ambaci kanwa, bari mu tsaya a kanta, don ita ce za ta sa mu gane bekin soda ba baƙuwa ba ce. Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi 'yar uwarta ce ta jini: a cikinta akwai ainihin sinadarin bekin soda, gauraye da na sodar wanki da gishiri da ƙasa. Kakanninmu sun san aikinta. Suna jefa ɗan ƙanƙane a wake ya yi saurin nuna, a kuɓewa ta yi yauƙi, a tsamiya ta kashe mata kaifi. Sun kuma san in ta yi yawa miya ta lalace, ciki ya ɓaci. Ba a banza aka ce mata uwar gami ba. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun danganta yawan ciwon zuciyar da suke gani ga masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi, saboda gishirin da kanwa ke ɗura wa jiki. Abin mamaki, matar da ba za ta yarda ta sha kanwa cokali guda a kofi ba, ita ce za ta sha bekin soda cokali guda, don kawai ta zo a kwali da rubutun Turanci.

Ga lissafin da masu "ba illa" ba sa yi. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin bekin soda sodiyam ne, wato sinadarin nan na cikin gishiri da likita ke nufi in ya ce wa mai hawan jini ya rage gishiri. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a shafe ba a tula ba, yana ɗauke da sodiyam wajen miligiram 1,250. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a yini, daga duk abin da ya ci ya sha. Ke nan wanda aka ce wa ya sha cokali ɗaya da safe ɗaya da dare ya zarce ƙa'idar yini tun bai taɓa tuwo ba, ba a zo maganar gishirin miya da dunƙule da yajin tsire ba. Wannan ma in ƙaramin cokali ya ɗauka. Rubutun cewa ya yi "cokali ɗaya" kawai, cokalin da ke kusa da hannu a gidajenmu kuwa na cin abinci ne, wanda ya ninka na shayi sau uku.

Matashi zai iya sha ya kwana lafiya, ƙodarsa ta tace ta zubar. Amma ƙoda tana rage ƙarfi a hankali tun daga wajen shekara arba'in, ko ga mai lafiya. Sodiyam da ya taru yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau, ƙafa ta kumbura, mai raunin zuciya ya fara haki in ya kwanta. Hawan jini kuma ba ya sallama: kusan rabin masu ɗauke da shi a duniya ba su san suna da shi ba. Dattijon da ya ce maka shi lafiyarsa ƙalau, ka tambaye shi yaushe rabonsa da awo.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne masu sayar da garin da kansu sun fi masu tallarsa kyauta tsoron Allah. Kamfanin Arm & Hammer na Amurka, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a, ya rubuta a jikin kwalinsa cewa mai shan ta don ƙwannafi rabin ƙaramin cokali zai narkar a rabin kofin ruwa, ya tabbata ta narke sarai. Ya rubuta cewa wanda ya haura shekara 60 kada ya wuce irin wannan awo sau uku a yini, abin da bai wuce rabin na matashi ba. Ya ce kada a ɗore a kan haka fiye da mako biyu. Ya ce wanda aka hana gishiri ya tambayi likita tukuna. Ya kuma yi gargaɗi kada a sha lokacin da ciki ya cika dam da abinci. Mai neman kuɗinka ya ce ka yi hattara, mai neman a danna masa alamar so ya ce ka sha kawai.

Wannan gargaɗi na ƙarshe yana da dalili mai ban tsoro. Bekin soda in ta haɗu da tsamin ciki iska take haifarwa nan take, irin kumfar da ake gani in an zuba mata lemon tsami. Gyatsar da mutum ke yi ya ji daɗi, iskar ce ke fita. In ciki ya cika maƙil, kamar bayan walimar biki ko cin naman Sallah, iskar na iya rasa hanya. Ba kasafai ake samu ba, amma likitoci sun rubuta labarin mutanen da tumbinsu ya yage ta wannan hanya. Kuma daidai wannan lokaci ne mutum ya fi neman abin da zai "saukar masa da abinci".

Sai batun olsa, inda aka fi yin ɓarna. Gaskiya ne tana kwantar da zafin ƙirji cikin 'yan mintuna, shi ya sa mutane suka yarda da ita. Amma kwantar da zafi daban, warkarwa daban. Tun 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwada ta, ana kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu. Babban sanadi na biyu kuwa yana cikin jakar kusan kowace tsohuwa: magungunan ciwon gwiwa da baya irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake saye a kemis ana sha kamar gyaɗa. Bekin soda ba ta kashe ƙwayar, ba ta hana maganin ciwon gwiwa cin bangon ciki. Abin da take yi shi ne rufe bakin ciwon ya daina kuka, yana ci gaba da aikinsa a ɓoye.

Ga wanda ya haura hamsin, kukan nan shi ne abin da bai kamata a rufe ba. Ƙwannafin da ya fara sabo a wannan shekaru, ko ya zo da rama, ko wahalar haɗiya, ko amai da jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, na asibiti ne, a leƙa cikin da na'ura. Wani lokacin ma ba ciki ba ne sam. Bugun zuciya yakan zo da kamar ƙwannafi, musamman ga mata da masu ciwon suga: nauyi a ƙirji, zufa, tashin zuciya, ciwo yana tafiya kafaɗa ko muƙamuƙi. Mintunan da aka ɓata ana dama gari a kofi ana jiran gyatsa, su ne ake buƙata a kan hanya.

Kuma dattijo da wuya ka same shi ba ya shan wani magani. Bekin soda tana rage tsamin ciki, wasu magunguna kuwa, kamar na ƙarin jini, sai da tsamin suke shiga jiki sosai. Tana sa ƙoda ta yi saurin zubar da asfirin. Mai shan maganin sa fitsari yana cikin haɗarin fotasiyam ɗinsa ya faɗi, wanda ke kawo kasala da murɗewar nama da rikicewar bugun zuciya. Shi ya sa ake cewa a bar tazarar aƙalla awa biyu tsakaninta da kowane magani, a kuma gaya wa likita ko mai haɗa magani ana shan ta.

Za a ce mana: ai likitoci da kansu suna ba masu ciwon ƙoda. Haka ne, suna bayarwa. Suna ba wanda gwajin jini ya nuna tsami ya taru masa, da awo, suna kuma sake gwadawa suna duba hawan jini da kumburi. Daga nan ne wani ya tsinci rabin zance ya rubuta "tana wanke ƙoda". A ƙasar da iyalai ke sayar da gona don biyan kuɗin wankin ƙoda, a ce wa mai raunin ƙoda ya riƙa shan gishiri safe da yamma, wannan ba kuskuren alƙalami ba ne, ganganci ne. Maganar kansa kuwa tushenta wani ɗan Italiya ne, Tullio Simoncini, wanda ya ce kansa naman gwari ce, bekin soda ke kashe ta. An ƙwace lasisinsa na likita, kotun ƙasarsu kuma ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da rabi a 2018 kan mutuwar wani majinyaci da aka yi wa wannan magani. Har yau maganarsa na yawo, an fassara ta zuwa Hausa, an cire sunansa da labarin kotun.

Mu fito daga ciki mu koma baki, inda za mu yi mata adalci. Bekin soda ita kaɗai ba ta kankare haƙori. Tana cikin abubuwa mafi laushi da ake gogewa da su, akwai man goge baki da yawa da ke ɗauke da ita, tana kuma rage dattin goro da shayi da ke saman haƙori. Matsalar abokin tafiyar da ake haɗa ta da shi ne. "A matse lemon tsami a kwaɓa" in ji su. Tsamin lemo yana narkar da farin ɓawon haƙori, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Farin da ake gani kwana biyu na farko, bayansa sai haƙori ya ƙara yin rawaya, don abin da ke ƙarƙashin ɓawon rawaya ne. Ga manya abin ya fi muni, saboda dasashi yakan janye da shekaru ya bar saiwar haƙori a fili, ita kuwa ba ta da ɓawon ma. Daga nan sai ruwan sanyi ya zama azaba. In za a yi, a kwaɓa da ruwa zalla, a goga a hankali jefi-jefi, kada kuma ta maye gurbin man goge baki mai fuloraid, don ita ba ta hana haƙori ruɓewa kamar shi.

Fata kuma tana da ɗan tsaminta na halitta, wajen 5 a ma'aunin pH, wanda ke tsare ta daga bushewa da ƙwayoyin cuta. Ruwan bekin soda ya haura 8. Fatar mai shekaru ta riga ta yi siriri, maiƙonta ya ragu. Ka ƙara mata hunturu, sannan ka ce a dirje ta da gari kullum. Hammatar da aka so ta yi haske sai ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta warke da baƙin da ya fi na da, domin haka fatarmu take, duk inda ta ji rauni duhu take ƙarawa. Gashi ma haka, balle wanda ya sha man miƙarwa ko rini: karyewa zai yi. Masu ba mata shawarar yin tsarki da ita har ciki, su ji tsoron Allah. Bayan ɗaukewar al'ada wurin ya fi kowane lokaci laushi da saurin rauni, wari ko ƙaiƙayi kuma gwaji yake so. Jiƙa ƙafa don kaushi ba laifi ga mai lafiya, minti goma, a shanya a shafa mai. Amma ban da mai ciwon suga. Ƙafarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata, jiƙawa na tausasa fata ta tsage, ƙaramin tsagu kuwa a ƙafar mai suga kowa ya san inda yake kaiwa.

To ina amfanin nata? Yana madafa da bayan gida da ɗakin ajiya, a can kuwa a zuba hannu sake. Tukunyar da ta kama, a zuba ruwa da cokali biyu a tafasa, a bar ta ta huce, ƙanzon zai taso ba tare da an ci zalin wuyan hannu ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon gaɓoɓi. Kofin da shayi ya rina, robar da ta riƙe warin manja ko kifi, fulas ɗin da ya yi tsami, duk tana gyara su. A buɗe ƙaramin gwangwani a ajiye a firij, a barbaɗa a takalmi a kwana a kakkaɓe. Ba ta da ƙauri mai shaƙe ƙirji, don haka ta fi sauƙi ga mai asma a kan yawancin ruwan wanke-wanke na kanti. Sai dai a kiyaye tukwanen alminiyam irin waɗanda maƙera ke zubawa, tana dusashe su su yi baƙi in ta daɗe a ciki. In an wanke daɓen bayan gida da ita a ɗauraye sosai, don ragowarta na sa santsi, faɗuwa a bayan gida kuwa ita ce ke karya ƙugun tsofaffi.

Ko a nan ɗin akwai tatsuniya. Haɗa ta da ruwan khal da ake yi a bidiyo, kumfa ta tashi kowa ya ce "kai!", wasan yara ne: ɗaya na kashe ɗaya, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. In aka haɗa a kwalba aka toshe, fashewa za ta yi. Kuma ba ta kashe ƙwayoyin cuta yadda bilic ke yi, saboda haka katakon da aka yanka ɗanyen kaza a kai, ko wurin da mara lafiya ya yi amai, ba aikinta ba ne. Wanda ya koma ga bilic kuma kada ya kuskura ya haɗa shi da khal ko lemon tsami ko ruwan wanke masai mai asid. Iskar da ke tashi guba ce, a ƙaramin bayan gida marar taga tana iya kayar da mutum.

Wani amfani da ba a cika faɗa ba: in mai ya kama wuta a kasko, wutar tana ƙarama, bekin soda mai yawa na iya kashe ta. Amma farko a kashe risho ko gas, a rufe kaskon da murfin ƙarfe, kada a zuba ruwa ko kusa. Kada kuma a yi kuskuren watsa fulawa, ita ci take yi ta tashi sama. Fulawa da bekin soda da bekin hoda da sodar sabulu, a idon da ya fara hazo, cikin ruɗewa, kamarsu ɗaya. Kowace a juye ta a mazubinta, a rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, wanda mai gidan ke iya karantawa. Ita sodar sabulu kada ma ta kwana a madafa: a kulle ta a wani ɗakin, a sama, inda hannun jika ba ya kaiwa.